Tsoron Tambaya Ya Cinye Mini Hannun Kiɗa

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan mujalla. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, sai in ɗauki biro in ajiye, domin har yau dogon rubutu yana tayar mini da ciwon da zan ba ku labarinsa. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu suna nan da ransu da mutuncinsu.

A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne ɗan ƙauye, daga Mungadi ta ƙasar Maiyama, kuma ɗan makaɗin noma. Mahaifina ke kaɗa wa manoma ganga a wurin gayya, kamar yadda nasa uban ya yi. Tun ban kai tsawon gangar ba nake riƙe da gula, wato sandar kaɗa ta. Gangar noma ba ta son lallashi. Kana bakin gona, manomi yana can ƙarshen kunya ya duƙa, dole ka ɗago hannu tun daga kafaɗa, ka damƙe gula tamau, ka sandarar da wuyan hannu ka daka, har na nesa ya jiyo takensa ya ƙara himma. An san ni da nauyin hannu a ƙauyenmu, ni kuwa ina jin kaina ba kaɗan ba. In zan wuce 'yanmata a bakin rijiya har tafiya nake canzawa. Ban san cewa duk sarautata ba ta wuce daga gonar gero zuwa gonar dawa ba.

Mahaifina ne ya ga kiɗan noma yana ja da baya, gayya sai jefi-jefi, ya yanke shawarar in tafi Jega in koyi kalangu a gidan wani tsohon amininsa. Wannan aminin nasa babban makaɗi ne. Mun sha jin sa a rediyo, an sha nuna shi a talabijin, kuma gidansa tamkar makaranta yake, don tun daga Zamfara da Sakkwato har Nijar ake turo masa masu neman ƙwarewa. Ba ya karɓar wanda bai taɓa kiɗa ba, sai wanda ya riga ya yi nisa yana neman ƙari. Ranar da zan tafi, mahaifina ya raka ni har bakin titi. Ya ce mini in riƙe bakina a gidan mutane, kada in yi magana sai an tambaye ni, kuma kada in bari a ce ɗansa bai san komai ba. Na amsa da to, na kuwa riƙe maganar nan fiye da yadda shi kansa ya so.

Tun a tasha Jega ta karya mini gwiwa. Manyan motoci, babura, masu dako suna yi mini tsawa in kauce, kowa yana sauri kamar ana korar sa. Ni da na saba duk wanda na gamu da shi sai mun gaisa har mun tambayi iyali, sai ga shi na yi sallama ba wanda ya ko dube ni. Amma wannan duk wasa ne a kan abin da na tarar a gidan. Ina shiga zaure na iske ɗalibai zaune sun kewaye maigida, kowa da kalangu a hammata. Wani ɗan Nijar yana kaɗawa, kuma wallahi magana nake ji tana fitowa daga fatar nan, kalma bayan kalma, yana gaishe da maigida yana tambayarsa kwanan iyali. Can gefe akwai ɗan ɗakin ɗaukar sauti, inda wani da ya yi karatun kiɗa a kwaleji yake zaune gaban fiyano yana duba wasu alamomi a takarda, wai daga nan yake karanta kiɗa. Ni ban taɓa sanin ana karanta kiɗa da ido ba. Nan take na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Bayan an gaisa, maigida ya sa aka miƙo mini kalangu ya ce in taɓa ya ji. Na rataya, na matse tsarkiyar a hammata yadda na ga suna yi, na damƙe 'yar lanƙwasasshiyar sandar nan, na daka. Ƙarar da ta fita kamar an fasa ƙwarya a kan dutse. Zauren ya yi tsit. Wani ya yi tarin ƙarya don ya danne dariya. Maigida bai dubi fuskata ba, hannuna na dama ya zuba wa ido ya daɗe, sannan ya ce wanga hannu na amininsa ne sak, wato babana, ya sa a nuna mini wurin kwana. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Daga ranar na shiga wani hali da ban taɓa shiga ba. Maigida mutum ne mai zafi a wurin koyarwa. In ɗalibi ya kuskure sai ya daka masa tsawa, ya fizgo hannunsa, ya lanƙwasa masa yatsu, ya sa shi maimaita wuri guda har gumi ya jiƙa masa riga. Hatta mai fiyanon nan bai tsira ba. Kowa yana shan faɗa, ban da ni. In na kaɗa, sai ya saurara, ya gyaɗa kai, ya juya ga na kusa da ni. A waje kuwa yana girmama ni fiye da kowa, ya tambaye ni lafiyar mahaifina, wani lokaci har ya turo mini ragowar abincinsa. Wannan ya fi duka ciwo. Na gaya wa kaina cewa na lalace har ba a ga inda za a fara gyara ni ba, albarkacin mahaifina kawai nake ci, kuma ana jiran lokacin da ya dace ne a mayar da ni gida cikin mutunci. Kullum in aka tashi darasin safe, ɗalibai su watse, shi sai ya ci gaba da zama a kan buzunsa yana dubana. Ni kuwa in riƙa cewa a raina yau ce ranar da zai sallame ni. Sai in ɗauki buta kamar zan zagaya, in sulale ta ƙofar baya.

Tsoro ya hana ni tambayar maigida, girman kai ya hana ni tambayar ɗalibai. Ta yaya ɗan gado zai je wurin ɗan tela ko ɗan mai shago ya ce a nuna masa yadda ake riƙe sandar kiɗa? Sai na yanke wa kaina shawara mafi muni, wato in koya wa kaina a ɓoye. Na riƙa ɗaukar darasi a wayata ba tare da kowa ya lura ba. Akwai wani tsohon kalangu da aka jingine a lungu, in an yi azahar gari ya yi zafi kowa ya kwanta, sai in saka shi a buhu in gangara bakin gulbi, can bayan lambunan albasa inda ba mai ji na sai masu ban ruwa. In kunna waya in saurara, in kwaikwaya. Sautinsu yana fita laushi-laushi, nawa yana fita a bushe. Ni kuwa abu ɗaya na sani tun ina yaro, in ganga ba ta ba ka abin da kake so ba, ƙarfi ne bai isa ba. Sai in ƙara damƙe sanda, in ƙara sandarar da wuyan hannu, in yi ta dukan fatar nan har la'asar. Kalangu sauri yake so da sakakken hannu, ni kuwa ina neman saurin da hannu a ɗaure. Haka na yi ta yi wata da watanni.

Ciwon ya fara ne kamar wasa, ɗan zafi a wuyan hannu in na tashi da safe. Daga nan ya koma kumburi, sai zafin ya riƙa harbawa har gwiwar hannu. Na je kemis na sayi maganin kashe zafi, ina sha ina komawa bakin gulbi. Da maganin ya daina yi mini aiki, sai na tsinci irin robar nan ta tayar babur da ake ɗaure buhunan albasa da ita, na yanki guntu na naɗe wuyan hannun tamau. In na ɗaure, wurin sai ya mutu, in samu in yi kiɗa ban ji komai ba. Na koma sa riga mai dogon hannu ko da zafi ya kai yaya. Ɗalibai suna tsokanata wai na zama ango, kullum cikin ado, ni kuwa in yi dariyar yaƙe.

Ina ganin alamu, ba wai ban gani ba. Yatsuna uku suka fara yin sanyi kamar ba a jikina suke ba. Lomar tuwo ta fara gagarata, sai na koma cin abinci ni kaɗai a bayan ɗaki. Wata rana ina alwala a ƙofar masallaci buta ta suɓuce daga hannuna ban ma ji fitarta ba, sai ƙararta na ji a ƙasa. Na tsaya ina kallon hannun nan kamar na wani. Ranar na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, amma ko kusa bai kai tsoron in tsaya gaban maigida in buɗe baki ba. In mahaifina ya kira waya, sai in ce masa komai lafiya, maigida bai taɓa yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Shi kuwa sai murna, ya ce ya gaya wa mutanen gari cewa ɗansa ne kaɗai ba a gyara wa hannu a gidan. In muka gama sai in zauna in rasa abin da ke mini daɗi.

Abin ya fashe ne wata ranar kasuwa. Kalangu kiɗan mahauta ne, waɗanda a wajenmu ake kira rundawa, kuma al'adar gidan ce duk ranar kasuwa maigida ya kwashi ɗalibai a je rumfarsu a kaɗa wa kowane takensa. Aikina a irin wannan fita shi ne ɗaukar kaya da tsayawa a baya, kuma na gode wa Allah da hakan. Ranar mun isa, kasuwa ta cika maƙil, nama rataye, wuƙaƙe suna ta aiki a kan katako. Sarkin Fawa yana zaune a kan kujerarsa. Kawai sai na ga maigida ya sauke uwar kalangu daga kafaɗarsa, tasa ta kansa wadda ba mai taɓawa, ya juyo ya rataya mini. Ya gaya wa Sarkin Fawa cewa wannan ɗan amininsa ne daga Mungadi, ɗan gado ne, yau shi zai kaɗa masa take.

Na san taken, na ji shi a waya har na haddace. Amma sai na ji kasuwar gaba ɗaya tana juyawa da ni. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe suka juyo. Sarkin Fawa ya miƙe tsaye yana gyara hula, don in za a kaɗa wa mutum takensa ba ya zama. Na ɗaga sanda na sauke. Bugun farko ya fita, na biyu ya fita, daga nan ban san abin da ya faru ba. Na ga hannuna yana sama yana ƙasa, amma ba sauti. Sai da na dubi ƙasa na ga sandar kwance a cikin kwatar da ruwan wankin nama ke bi. Ta faɗi ban ji ba, ina ta kaɗa iska a gaban jama'a. Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Maigida ya matso ya kama hannuna, ya naɗe hannun rigar. Robar ta nutse cikin naman har ta yi rami, fatar gefen ta ɗaye, yatsun sun yi baƙi-baƙi sun kumbura. Ya yi salati da ƙarfi. Ya karɓi wuƙa daga hannun wani mahauci ya yanke robar da kansa. Da jini ya fara komawa yatsun, zafin da na ji ya sa na durƙushe a wurin ina kuka kamar ƙaramin yaro, a tsakiyar kasuwar Jega, da uwar kalangu a kafaɗata.

A ranar ya ɗauki shatar mota ya kai ni Aliero wurin masu ɗori. Dattijon da ya duba ni ya lallatsa hannun a hankali, ya ce wannan ba karaya ba ce ba kuma targaɗe ba, jijiya ce, ba aikinsu ba ne, a hanzarta kai ni asibiti. A asibiti likita ya tambaye ni tun yaushe yatsun suka daina ji. Da na faɗa masa, ya ajiye biro ya dube ni, ya ce da na zo tun kumburin farko, hutu da ɗan magani sun wadatar. Yanzu kam za su yi iya ƙoƙarinsu, amma kada in sa rai hannun zai koma yadda yake.

Kashegari mahaifina ya iso. Suka zauna a zaure shi da maigida, ni ina gefe da hannu a naɗe, kaina a ƙasa. A nan na ji abin da har yau ban manta ba. Maigida ya ce tun ranar farko ya ga riƙon da nake yi, ya san in na ci gaba da shi a kalangu zai yi mini illa. Amma a al'adar makaɗa, ɗan gado ba kamar sauran ɗalibai ba ne. Ubansa ya riga ya ɗora masa hannu, kuma wani makaɗi ba ya taɓa hannun da ɗan'uwansa ya ɗora, don yin haka kamar cewa ne uban bai iya ba. Sai yaron da kansa ya zo ya durƙusa, ya ajiye sanda a gaban malami, ya ce ya sauke hannun gida a ɗora masa sabo. Daga nan ne malami ke da ikon yi masa tsawa da gyara. Ya ce zaman da yake yi a kan buzu kullum bayan darasi ni yake jira, yana ba ni fili in zo ba a gaban kowa ba. Da ya ga ina tashi ina fita, sai ya ɗauka ina alfahari da hannun babana ne ba na son a canza shi. Shi ya sa ya ba ni kalangunsa a kasuwa, ko in ji da kunnena a gaban jama'a cewa akwai sauran aiki, in sauko in nema. Bai san ina zuwa bakin gulbi ba.

Mahaifina kuwa ya ce shi bai taɓa zaman koyo a gidan wani ba, a gida ya gada. Ya san da al'adar, amma ya ɗauka in na zo ɗalibai za su sanar da ni. Su kuma ɗaliban, da aka tambaye su daga baya, suka ce wa zai koya wa ɗan gado al'adar makaɗa? Kowa ya ɗauka na sani, ni kuwa na yi duk abin da zan iya don kada a gane ban sani ba. Maigida ya share hawaye da gefen rawaninsa, ya nemi gafarar mahaifina, ya ce kunyar abota ta sa ya zuba ido hannun yaro ya lalace a cikin gidansa. Mahaifina ya ce a'a, laifinsa ne, shi ya ɗaure mini baki tun daga bakin titi. Dattawa biyu suna ta jan laifi kowa zuwa kansa, ni da na san wanda ya naɗa robar ina zaune ina kallonsu.

An yi mini aiki, na yi jinya mai tsawo. Alhamdulillahi hannun yana nan. Ina cin abinci da shi, ina alwala, ina ɗan rubutu in na bi a hankali. Amma ba ya riƙe sandar kalangu har a gama take guda, gula kuwa ko ɗaga ta ba na yi. Maigida bai sallame ni ba, ya mayar da ni cikin 'yan amshi, na zauna tare da shi har Allah ya karɓi ransa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a zaman nan kunnena ya buɗe. Yau in ɗalibi ya kaɗa, ina jin kuskurensa tun kafin ya gama, ina iya gaya masa da baki inda ya karkace, amma ba ni da hannun da zan nuna masa. Shekarar da ƙarfin mahaifina ya ƙare, aka yi gayya a garinmu, sai daga garin Andarai aka ɗauko mai kiɗa. Ina tsaye a bakin gonar tare da masu kallo.

Abin da na koya shi ne, tsoro yana fassara wa mutum komai a juye. Girmamawa na ɗauka raini, jira na ɗauka kora, kuma ban taɓa gwada fassarar nan a kunnen kowa ba, ni kaɗai na yi ta yanke wa kaina hukunci. Don haka ina kira ga duk matashin da zai bar gida ya tafi wani gari neman ilimi, na kiɗa ne ko na boko ko na wata sana'a, in ka ga waɗanda suka fi ka kada ka ɓuya. Don sun fi ka ne aka turo ka wurinsu. In malami ya yi shiru a kanka, je ka tambaye shi dalili. In jikinka ya fara ciwo saboda aikin, faɗa tun da wuri, kada ka danne shi da ƙwaya. Iyaye kuma, in za ku ce wa yaro ya riƙe bakinsa a gidan mutane, ku haɗa masa da cewa tambaya ba rashin kunya ba ce. Malamai ma ina roƙon ku, in kun ga yaro ya cika shiru ku jawo shi kusa, don ba kowane mai shiru ne mai girman kai ba, wani tsoro ne ke cin sa.

Ni na yi shiru ne don kada a ce ban iya ba. Yau ko Sarkin Fawa ya miƙe tsaye ya ce in kaɗa masa, ba zan iya ba.